Shaidar Mai Wanki

Suka ce in ɗaga hannun dama.
Na ɗaga. Sabulu ya daɗe da cinye zanen yatsuna.
Suna? Lemuel Gaskins. Sana'a?
Shekara ashirin da shida a ƙarƙashin filin ƙwallon kwando,
ina wanki.

Can gefe yake zaune, Harlan Voskuhl,
kwat ruwan toka, sanda mai kan azurfa,
lauyoyi biyar sun kewaye shi kamar kaji sun ga tsaba.
Ku lura, ba shi aka gurfanar ba.
Shi ya kawo ƙara,
wai an raba shi da kulob ɗinsa kan hirar cikin ɗaki.

Aka kunna faifan.
Ana jin cokali na taɓa faranti, ƙanƙara na motsi a kofi,
sannan muryar da ke biyan mu albashi:
"Ina ciyar da su kamar dawakai, su yi mini gudu,
amma kada in ga baƙar fuska a teburina."
Wani ya yi dariya a faifan, har yau ba a san shi ba.
Wata tsohuwa a layin baya ta ja tsaki.

Lauya Pruitt ya taso, murya kamar man shanu.
Ya taɓa zagin ka? A'a.
Ya taɓa riƙe maka haƙƙi? A'a.
Wannan hoton fa? Ba kai ba ne da talotalon Kirsimeti,
ga hannunsa a kafaɗarka?
Ni ne.
To?
Na ce, ranka ya daɗe, tambaye shi sunana.

Aka ce ba ni ke tambaya ba.
Aka ce a share wannan daga takarda.
Amma tsohon ya ɗago kai,
leɓensa na rawa, yana lalube
kamar mai neman makulli a wandon da ba nasa ba.
Alƙaliya Castellano ta gani.
Akwai tabon da ba ya jin sabulu,
ni na sani, aikina ke nan.

Ba wanda ya tambaye ni daren da faifan ya fita.
Mutum dubu goma sha takwas a kujeru,
yaran suka ƙi fitowa.
Darnell, wanda na san gwiwarsa tun kafin a yi mata aiki,
ya ninke rigarsa mai lamba tara, ya sa a kwandona.
Sauran suka bi sahu.
Riga goma sha biyar, babu ɗigon gumi.
Na zauna gaban inji har asuba.
Ban taɓa ɗaukar kaya masu nauyin waɗannan ba.

Wata bakwai ana ɗage zama.
Likita ya zo ya ce tsufa ne, ƙwaƙwalwa ta fara yoyo.
Masani ya zo ya ce faifan na sata ne.
'Ya'yansa suka shigo da tasu ƙarar, ta rabon abin da bai mutu ya bari ba.
Magana ta koma hannun jari,
sashe na kaza, sakin layi na kaza,
har dawakan suka ɓace daga cikinta.

Wata Talata aka sasanta a bayan ƙofa.
Ya sayar, ninki talatin na yadda ya saya.
Jarida ta ce hukunci ne.
Jikata Odessa ta lissafa a bayan ambulan:
sai na yi wanki shekara dubu arba'in
kafin a yi mini irin wannan horo.

Sababbin masu kulob sun sake fenti,
sun kafa allo a ƙofa kan mutunta juna.
Aka ba ni rigar aiki, da suna a ƙirji, da jan zare:
Gaskin.
Sun yar da baƙi ɗaya a ƙarshe.

Ban kai ƙara ba.
Na tafi da ita gida, na sa tabarau,
Odessa ta zura mini zare a allura,
na mayar da shi wurinsa da hannuna.